Kyanwar Kangon Bayan Gida

Magariba ce irin ta kullum a unguwar Zariya ta Maraɗi. Tsahara, wadda ta shekara shida da rasa mijinta, tana alwala a bakin rariya, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinta. Ta tsine wa 'ya'yan unguwa a ranta, ta ci gaba da wanke ƙafa. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Da ta leƙa waje, ko akuya babu a lungun, kowa ya tafi masallaci.

Su biyu ne kawai a gidan, ita da 'yarta Salima. Salima ta dawo ne daga gidan mijinta a Jiratawa bayan jaririnta ya koma, kwana tara da haihuwa, kuma tun daga ranar maganarta ba ta wuce "to" da "a'a". Abin da ya fara motsa ta shi ne kukan wata 'yar kyanwa a kangon bayan katangarsu, gidan da masu shi suka tashi tun da daɗewa. Ta shiga da almuru ta ɗauko ta. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi bisimilla ba, alhali kowa a garin nan ya san kango ba ya rasa mazauna.

Kyanwar kuwa abar tausayi ce. Kwantsa ta liƙe mata idanu ruf, hanci na yoyo, atishawa ɗaya takan kayar da ita. Salima ta riƙa jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri tana goge mata ido, tana ɗiga mata madara da cokali. Tsahara ta ji daɗi har ranta, don ta ga hannun 'yarta ya sami abin riƙewa.

Kwana uku ana jifan, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu jifa ya tsaya, gidan ya yi tsit. Tsahara ta tarar da Salima zaune a tsakar gida da kyanwar a cinya, tana goge mata ido, amma riƙon da ta yi wa audugar kamar na wanda bai taɓa riƙe ta ba. Tana kuma rera wata waƙa can ƙasan maƙogwaro, da muryar tsohuwa.

"Salima?"

Ba ta waiwayo ba. Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, ba ta ajiye kyanwar ba. Tsoro ya kama Tsahara, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta, domin bayan wannan yarinya ba ta da kowa. Ta shiga mota zuwa Tsibiri, ta zo da Malam Maman Lawali, dattijo mai ruƙiyya.

Malam ya zauna a tabarma bayan la'asar, ya yi ta karatu, a hankali, ba tsawa. Inuwar katanga ta miƙe har ta rufe tsakar gidan. Sannan Salima ta ɗago kai, muryar tsohuwar nan ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Mi kike so ga ɗiyar mutane?"

"Ni ce mai kangon ga. Ta shigo mini ba sallama, ta ɗauke mussata."

"Kan mussa, 'yar kyanwar ga, za ki kashe ɗiya?"

Kyanwar ta yi atishawa.

"Shekara goma sha ɗaya ban ji motsin kowa ba," in ji muryar. "Mutanen gidan sun tashi, dangina sun riga su. Sai wata mussa ta haihu ƙarƙashin rumbu, ta mutu, ta bar mini wagga. Ina kallon idonta na rufewa, ba ni da hannun da zan goge mata. Na zo amsar abuna, sai na iske yarinyar ga na da hannu. Aro na yi."

"An yi miki laifi," Malam ya ce, "amma jikin ga ba naki ba ne. Fita."

"A ba ni mussata in fita."

"In an maida ta kango mutuwa za ta yi, kin sani."

Kafin Malam ya ƙara, Tsahara ta yi magana.

"Baiwar Allah, ki bar mini ɗiyata. Ni zan yi jinyar mussar. In ta warke, ba mai tsare ta. Ta je miki duk magariba."

"Kin ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka."

Salima ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan tabarma. Da ta farka, ruwa ta fara nema, sannan ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka binne ɗanta.

Cikin mako biyu idon kyanwar ya buɗe, atishawa ta tsaya. Bayan wata guda mijin Salima ya zo ya mayar da ita Jiratawa. Tsahara ta samu abin da ta roƙa, 'yarta ta warke, ta kuma tafi. Gidan ya koma ita kaɗai, sai kyanwa.

Har yau ba ta saɓa alkawari ba. Da an kira magariba kyanwar za ta haye katanga ta faɗa kango, Tsahara kuma ta zauna ita ɗaya da tasbaharta, tuwo na hucewa a kwano. In ta ga an daɗe, sai ta tashi ta dafa katangar, ta yi sallama.

"Maƙwabciya, ki turo mini ita hakanan. Ni ma ba ni da kowa."