Ruwan Zafi a Tsibirin Ƙanƙara

Shayi aka aike ni in dafa a bakin teku. Iyakar aiken ke nan.

Sunana Mika'ilu. Shekara bakwai na yi a bayan wani gidan abinci a unguwar Al Rigga ta Dubai, ina yanka albasa wani yana karɓar yabo. Yunana, mutumin Kafanchan mai gyaran inji a jirgin ruwan wani attajirin Dubai, shi ya yi mini hanya. Arbab, wato mai jirgin, zai kai baƙinsa yawon mako uku can ƙurewar arewacin duniya, kuma kukunsa ya ajiye aiki. Aka ce in na burge shi a tafiyar, kicin ɗin ya zama nawa. Abin da nake roƙon Allah ke nan tun ranar da na sauka a ƙasar nan.

Ban taɓa ganin wuri mai kyau da ban haushi irin wannan ba. Tsibirai na baƙin dutse, kawunansu fari fat. Ƙanƙara mai girman gidan sama tana yawo a ruwa. Ba bishiya, ba gari, ba kiran salla. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa, sai zagaye take kamar akuya a turke. Barci ya gagare ni, leɓena ya tsage, baƙi kuma ba su da aiki sai ɗaukar hoto da neman shayi.

Na tambayi Oumarou, shugaban ma'aikata, ɗan Damagaram, yadda za mu yi da salla.

"Mika'ilu, kar ka fasa mini kai," in ji shi. "Mu bi agogon Dubai, khalas. C'est fini."

Muka bi. Agogon Dubai ya riga na wurin da awa biyu, amma wa ya damu?

Rana ta goma sha ɗaya arbab ya ce shi a kan tsibiri zai sha shayi. Ga kicin mai wuta da komai a jirgi, a'a, sai kan dutse. Na riga na yi magariba tun ɗazu, rana tana kallona. Na kinkimi risho da tukunya da kofuna, Yunana ya ɗebe mu a ƙaramin kwalekwale mai inji. Da mu akwai wani Bature mai bindiga saboda namun dajin wurin. Shi ya gargaɗe mu: duk abin da aka sauka da shi a koma da shi, ko ɗigon ruwa kar a zubar.

Tsibirin yana warin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku da kashin tsuntsaye. Tsuntsayen kuwa dubbai ne a jikin dutse, kukansu har ya toshe kunne. A gefe akwai wata tsohuwar bukkar katako, rufinta ya rufta, ga manyan ƙasusuwan kifi zube a ƙofarta. Can nesa ƙanƙara tana tsagewa da ƙara irin ta bindiga.

Sau biyu iska ta kashe mini risho. Da ƙyar ruwa ya tafasa. Arbab da baƙinsa suka kurɓa sau ɗaya ɗaya, suka ce sanyi ya yi yawa, a koma. Suka bar ni da rabin tukunya tana tururi.

"Malam Mika'ilu, yalla!" Yunana ya ƙwala mini kira daga bakin ruwa. "Ƙanƙara tana rufe hanya!"

Raina ya gama ɓaci. In ɗauki tafasasshen ruwa a kan dutse mai santsi, in shiga kwalekwale da shi? Na zagaya bayan bukkar. Tun ina yaro na san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da magariba, ba a watsa shi ba bisimilla. Abin ya faɗo mini a rai. Na ce ai magariba ta wuce, kuma wane aljani ne zai bar duniya duka ya zauna a wannan firiji?

Na sheƙa shi a gindin katakon, ina tsaki.

Tsuntsayen suka yi tsit. Gaba ɗaya, lokaci guda.

Tururin bai tashi sama ba. Ya kwanta, ya bi ƙasa, ya shige ƙarƙashin bukkar.

Sai na ji kuka. Siririn kuka, na jariri.

Na ce wa kaina tsuntsu ne. Na juya zan tafi. Wani ƙauri ya bugi hancina, irin na gashi in ya taɓa wuta.

Wata mace ce tsugune a inda babu kowa ɗazu. Doguwa ce ko a tsugunen. Gashinta jiƙe, ya sauko har ƙasa, ƙanƙara ta daskare a bakinsa. Ga wani abu a cinyarta yana motsi cikin fatar dabba.

Na nemi Ayatul Kursiyyu a bakina. Ta ƙi fitowa.

"Magaribarku ce ta wuce," ta ce a hankali. Da Hausa ta faɗa, Hausar garinmu. "Tamu yanzu ta yi."

Ta buɗe fatar. Na ga wata 'yar ƙafa, ta saɓule, ja jawur.

"Baiwar Allah, ban sani ba," na ce.

"Ka sani."

Ba ta tashi ba. Hannunta ne ya miƙo, ya yi ta miƙowa, har ya kama hannuna na dama. Ta ɗora tafina a kan 'yar ƙafar.

Ƙafar tana ci kamar garwashi. Ta huce a ƙarƙashin tafina, kukan ya lafa, ni kuma sanyi ya hau yatsuna. Ya wuce wuyan hannu. Ya doshi gwiwa.

"Ka kawo mana zafi," ta raɗa. "Tafi da namu."

Wani ya fizge ni ta baya. Yunana ne. Yana jan rigata yana cewa, "Da wa kake magana? Yesu! Dubi hannunka!" Muka gangara muna faɗuwa. Injin ya ƙi tashi sau uku, a na huɗu ya kama, muka fice ta wata 'yar kafa, ƙanƙara tana goge gefen kwalekwalen. Ban waiwaya ba. Yunana ya waiwaya, kuma har yau bai gaya mini abin da ya gani ba.

Washegari na kai wa arbab shayi yana tururi. Kafin ya kai bakinsa ya yi sanyi ƙarara. Ya dawo da shi. Na sake, ya dawo da shi. Miya, shinkafa, gasasshen nama, duk abin da hannun nan ya juya haka yake zama. Na koma hagu, bai hana ba, don tukunya ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya. Muna sauka Dubai Oumarou ya miƙa mini fasfona da takardar sallama, bai iya kallon idona ba.

Likita a Bur Dubai ya ce jijiyoyina lafiya lau. Malamai uku sun yi mini ruƙiyya. Yanzu a kasuwar kifi ta Deira nake ɗiban ƙanƙara, kuma masu kifi rububina suke yi, wai tawa ba ta narkewa. Suna faɗa suna dariya, ni kuwa kamar in shaƙe su.

Ranar Lahadin da ta wuce Yunana ya ƙetaro ruwa a abra, kwalekwalen haya, ya zo duba ni. Na rantse sai na yi masa tuwo da miyar kuɓewa, ko Allah zai sa. Na tuƙa, na kwashe, na ajiye a gabansa da gudu. Ya sa hannu, ya ɗan tsaya. Sannan ya cinye tas, ya suɗe yatsu.

"Malam Mika'ilu, gishirinka daidai," ya ce.

Da ya tafi na mayar da ruwa kan wuta, na jira ya tafasa, na tsoma hannun a ciki har wuya. Tafasar ta tsaya cak. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka.