Fuskar da Ke Cikin Murfi

Ranar jajiberin auren 'yata Bice, da la'asar sakaliya, na ɗaura wa alfadari amalanke na ɗora akwatunan aurenta guda biyu. Daga ƙauyenmu zuwa birnin Firenze gangara ce, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai. Dole mu shiga kafin a kaɗa ƙararrawar faɗuwar rana a rufe ƙofar gari. A gidan yayata Nencia za mu kwana, don daga can 'yan dako za su ɗauki akwatunan da safe, su wuce gaban amarya har gidan ango, jama'a na leƙe ta tagogi suna auna arzikinmu da ido.

Sunana Bindo, kuma zanen akwatunan aure ne sana'ata tun kafin gemu ya fito mini. A waje muna zana yaƙi, ko labarin wata sarauniya mai haƙuri da miji, mu shafa zinariya saboda mutanen titi. A ciki kuwa, jikin murfi, inda ba mai gani sai ma'auratan, muna zana mutum a kwance yana barci: namiji a ɗaya, mace a ɗaya. Biyu ake yi kullum, kuma ba a raba su.

Ni na raba nawa. Shekarar annoba, da matata Tancia ta rasu, babu akwatin gawa ko ɗaya a ƙauyen, don kafintan ma an riga an binne shi. Ban yarda a jefa ta rami haka kawai ba. Na zazzage kayan ɗaya daga akwatunan aurenmu, na naɗe mata ƙafafu, na sa ta ciki. Sai da aka zuba farar ƙasa aka rufe ramin na dawo gida, sannan na ga wanda na ɗauka. Mai hotona ne ya tafi da ita. Mai hotonta ya rage a ɗaki.

Ban yi kuka ba a ranar, ban yi daga baya ba. Shekara goma sha ɗaya ina cin burodi kamar mai tauna ulu. Mutane na cewa Bindo akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, babu komai ne a ciki.

Da Bice ta ce ita Cione take so, wani marini mai hannuwa shuɗaye har gwiwa, na ce to. Ango ne ya kamata ya sa a yi akwatunan, amma Cione ya ce abin kunya ne ya je wurin wani ga surukinsa zaune. Na yi na farko, sabo fil, na zana Cione a murfin. Da aka zo na biyu, mako guda na yi zaune gaban farin katako hannuna ya ƙi motsi. Daga ƙarshe na jawo akwatin Tancia daga lungu, na kakkaɓe ƙura, na sabunta zinariyar waje. Cikin bai ba ni wahala ba. Bice kamar uwarta take. Na ɗan rage haɓa, na ƙara wa gashi duhu, na ɗiga tabon da ke ƙarƙashin idonta. Aikin rabin yini.

Nencia ta zo ganin kaya ta ɗaga murfin, ta daɗe tana kallo.

"Ka zana mai rai a kan matacciya," ta ce. "Kai tun kana yaro ganda ta yi maka yawa, amma ban ɗauka ta kai nan ba."

Na ce mata katako ne da fentin da aka kwaɓa da gwaiduwar ƙwai, ta daina tsorata kanta.

Tun daga makon Bice ta fara barci da rana. Tana cikin ɗinki sai ta zame ta kwanta ta gefen dama, kumatu bisa tafin hannu, gwiwa ɗaya a lanƙwashe. Na gane kwanciyar, ai ni na zana ta. Na gani, na ce gajiyar shirin biki ce, na koma bakin aikina.

To, muka kama hanya. Ƙafar amalanken ta hagu na ƙugi duk juyi. Gyare na kuka cikin gonakin zaitun. Wani na ƙona rassa a can ƙasa, hayaƙin na haɗuwa da warin sabon manne da ke tashi daga bayana. Bice ta ƙi zama kusa da ni, ta koma baya ta jingina da tsohon akwatin, wai ya fi ɗumi.

"Baba," ta ce tana hamma, "gobe in ka ga dama ka yi murmushi ko sau ɗaya ne. Kada dangin Cione su ɗauka jana'iza aka gayyace su."

Na ce zan gwada. Ta ce kar in gwada a gaban yara ba tare da na yi musu gargaɗi ba. Ta yi 'yar dariya, daga nan ban ƙara jin muryarta ba.

Hanyar na bi ta bayan katangar tsohuwar coci, inda filin ramin annoba yake. Babu wata hanya. Na bi ta sau ɗari ban ko juya kai ba. Rana ta kusa taɓa tsauni sa'ad da muka iso kwanar.

Alfadarin ya tsaya.

Na buga masa linzami, bai motsa ba. Kunnuwansa sun kwanta baya, fatar wuyansa na rawa. Sannan na lura gyare sun yi shiru, dukansu, lokaci guda.

Wari ya zo. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar ƙasa. Wata guda ba a yi ruwa ba.

Na juya. Babu Bice. Takalmanta na nan a jere, kamar yadda ake ajiyewa a bakin gado.

Na kira ta. Na duba hanya, na duba ƙarƙashin amalanke. Sai na ji numfashi, a hankali, irin na mai barci mai nauyi. Daga cikin tsohon akwatin yake fitowa.

Da hannuna na kulle shi da rana, cike da zannuwan gadonta. Makullin na ɗaure a ɗamarata.

Na san ya kamata in firgita. Na tsaya ina jiran tsoron ya zo, kamar mai jiran baƙo. Bai zo ba. Na kwance makullin na buɗe.

Tana kwance ta gefen dama, kumatu bisa tafin hannu. Zannuwan babu su. Ƙarƙashinta ba katako ba ne, ƙasa ce baƙa, kuma ta riga ta shanye kafaɗarta.

Hannu ya zagayo ƙugunta daga ƙasa. Hannun riga kore. Ni na sa wa Tancia rigar nan.

"Bindo."

Raɗa ce, irin wadda take yi in ba ta son tada yarinya.

"Na jira ka. Hotonka ba ya magana."

"Tancia, Bice ce," na ce. "Sake ta."

"Ka ba ta gurbina. Ta kwanta a gurbina. To ta zo mana."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ko aljani ne ya ari muryarta, ko ita ce da kanta, har yau ban sani ba.

Na kama hannun Bice na ja. Sanyi ƙalau, nauyi kamar dutse. Ƙasa ta kai kunnenta.

Na ja da ƙarfi. Ƙasa ta kai gefen bakinta.

Na ɗaga kai na dubi murfin. Fuskar Bice, idanu a rufe, yadda na zana. Amma a ƙarƙashin fentin, ta cikin fatar idon, wasu idanu na buɗe suna kallona.

Wuƙar kankare fenti na aljihuna, ba ta rabuwa da ni. Na ce bari in cire na sama kawai, in bar na ƙasa. Na sa bakin wuƙar a haɓa. Fentin ya taso duka biyu, sun riga sun kama juna. Farin katako ya bayyana.

Hannun nan kore ya ɗan saki.

"Babu wata, Bindo," ta ce. "Ita kenan. In ka kankare, babu wata."

Gaskiya ta faɗa. Sau ɗaya na taɓa zana ta.

Na kankare bakin.

Murfin ya faɗo. Na tare shi da hannun hagu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na cusa kai da kafaɗa ƙarƙashi, cikin duhu da wari, ina kankara da dama ba tare da ina gani ba. Ɓarɓashin fenti na zubo mini a fuska. Hanci. Kumatu. Tana kiran sunana, kowane kira ya fi na baya nisa.

Idanun na bari ƙarshe. Su ma na kankare.

Bice ta yi tari. Ƙasa ta fito daga bakinta.

Na cakumi wuyan rigarta na fizgo, muka faɗo kan hanya tare. Na tashi na sa ƙafa na ture akwatin daga amalanke. Ya faɗi gindin katanga, murfin ya rufe da kansa. Can ƙasa ƙararrawar gari ta fara kaɗawa. Alfadarin da ya ƙi tafiya ya zura da gudu, da ƙyar na ɗora ta na ɗare.

Mun iske an tura ƙyaure ɗaya na ƙofar gari. Mai gadin ya dubi Bice, ƙasa har cikin gashi, ba takalmi, ya tambaya ko daga gona aka tono amaryar. Na kaɗa alfadarin muka shige.

Da akwati ɗaya aka kai ta gidan miji. Matan unguwa sun samu abin taunawa na wata guda, Cione kuwa ya ce kayan nasu ai dama ba za su cika akwati biyu ba. Bayan kwana uku na koma kwanar. Akwatin na nan. Na buɗe, zannuwan gado a ninke, gindinsa katako. Na haƙa rami gefen katangar da hannu ɗaya na binne shi yadda yake.

Bice ba ta tuna komai. Ta ce ta yi mafarki wata na taje mata gashi. Barcin rana ya barta, ta yi ƙiba, tana yi wa Cione faɗa kan shuɗin da yake shafa wa labule. Hannuna na hagu ya warke a karkace, ba na iya riƙe allon fenti, na rufe shago.

Da ta haifi 'yarta ta fari ta sa mata suna Tancia. Ranar da aka dawo da jaririyar daga coci, ta miƙo mini gawayi da takarda. Ta ce shekararta goma sha ɗaya uwarta ta rasu, da tana tuna fuskarta sarai, amma yanzu ta nema ta rasa. In zana mata ko ƙarama ce, don yarinyar ta san mai sunanta.

Na zauna da gawayin. Na tuna tafiyarta, na tuna yadda take tsuke baki in miya ta yi gishiri, na tuna muryarta. Da na zo fuskar, sai farin katako. Na dubi Bice, tunda na san suna kama, amma na kasa gane ta ina. Na je na tambayi Nencia, wadda suka tashi tare da Tancia. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta rufe, ta zauna a kan kujera tana kallon bango.

Na mayar wa Bice takardarta. Na ce hannuna ne ke rawa, ta bari in ya yi sauƙi. Ta ce ba gaggawa, Baba.

Yarinyar ta shekara shida yanzu. Duk zuwan da na yi, Bice sai ta tambaye ni ya hannun.