Ɗamarar da Dada Ya Kawo Daga Bama

Gab da magariba surukata ta miƙo mini rigar jaririna.

"Kai ta ɗakin tarihi, ki ajiye inda aka yanko ta."

"Amma, rana ta kusa faɗuwa fa."

"Ji gimbiya! Ɗanki na ƙonewa da zazzaɓi, ke duhu ya dame ki?"

A wurinmu da tsohon tufafin dattijo ake ɗinka wa jariri rigar farko, don ya gaji tsawon rai. Dada Fazal, kakan mijina, ya je yaƙin Bama ya dawo, ya tsufa tukuf. Kafin a kai akwatinsa ɗakin tarihin ƙauyenmu, surukata ta yanki gefen wata farar ɗamara mai jajayen ƙulle-ƙulle. Ta ɗauka tasa ce. Sai da jaririna Nawid ya kwanta ciwo Baba Mehrban mai gadin ɗakin tarihin ya faɗa mana: daga ƙugun wani sojan Japan Dada ya kwance ta, yaron yana sauran numfashi. Uwar sojan ce ta ɗinka masa don harsashi ya kauce.

Na tarar Baba ya tafi masallaci, ƙofa a buɗe. Na wuce lambobin yabo, kwalkwali, gwangwanin ruwa mai huji. Warin tsohuwar fata na saba da shi. Warin jiƙaƙƙen taɓo ne baƙo, don mun daɗe ba ruwa.

Sai na ji allura tana huda ƙyalle.

Ƙit. Ƙit.

Wata 'yar tsohuwa ce durƙushe gaban akwatin gilashi, ta ba ni baya. Ɗamarar na kan cinyarta. Gilashin kuwa a kulle yake da kwaɗonsa.

Ta miƙo hannu ba ta juyo ba. Na ɗora rigar. Yatsunta sanyi kamar randa.

Ta kai rigar hancinta, ta daɗe tana shinshinawa.

"Namiji ne?" in ji ta, a hankali, da yarenmu.

Ni ba a taɓa koya mini ƙin amsa wa babba ba.

"Namiji ne, Iya."

"Sunansa?"

Na faɗa.

Ta ja zaren, ta cije shi.

Nan take nonona ya ƙafe. Na ji shi.

Ta fara juyowa. Na zura da gudu. Wani abu ya riƙe mayafina, na bar masa.

A gida na tarar zazzaɓin ya sauka, surukata tana raba alewa.

Nawid ya rayu, har ya yi ƙiba. Amma tun ranar bai sake karɓar nonona ba. In na ɗauke shi sai ya sandare yana tsala ihu. Surukata ta ce jinina ne mai ɗaci, ta mayar da shi ɗakinta.

Ɗamarar na nan a gilashi, cikakkiya, ba alamar yanka.

Da magariba nakan leƙa ta taga. Yana kwance shi kaɗai, yana dariya, yana miƙa hannu a ɗauke shi.