Durƙuson Sa'adatu

"Innalillahi! Inna, zo ki gani da idonki!"

Muryar Taiba ce, ɗiyar ƙanwar uwar mijina. Ina durƙushe a tabarma, gwiwoyi da tafin hannu a ƙasa, da cikina wata bakwai, ina ɗaga gadon bayana sama ina saukewa a hankali.

Inna Marka, uwar mijina, ta yaye labule.

"Sa'adatu! Mi nike gani haka? Bori cikin gidana?"

"Wallahi Inna ba bori ba ne... malamar asibiti ce ta..."

"Rufe mani baki!"

Taiba ta kare fuska da mayafi, amma na ga murmushinta. Tun kafin aurenmu take son mijina Falalu, kowa ya sani.

Haihuwar fari ce ta karya ni. A Maradun muke a lokacin, shekarar da ruwan dam ya cinye gonarmu. Kwana biyu ina naƙuda, ɗan ya zo ba rai. Tun daga nan bayana ya ƙi ɗaukata, cikina ya saki kamar tsohuwar salka, ko tari na yi sai fitsari ya kufce mini. Da muka koma Talata Mafara, Falalu ya samu aikin haƙar hanyar ruwa, ni kuma na sake samun ciki. Tsoro har abinci ya hana ni. Shi ya kai ni wurin Malama Hasana, unguwarzomar asibiti. Ta koya mini in ja cibiyata ciki ina fitar da numfashi, in matse ƙasana kamar mai riƙe fitsari in saki, in kuma yi wannan durƙuson safe da yamma. Wata biyu ina yi, na fara tashi ba dafa bango.

Inna ba ta saurari ko ɗaya ba. Kafin Falalu ya taso aiki ta sa ni motar Bakura, gidanmu, Taiba ta rako ni da labarinta. Ta gaya wa babana, Liman Maccido, wai Falalu ke kai ni gidan 'yan bori.

"Ɗiyar liman?" in ji Baba. "A gaya masa ya kawo takardar sakinki. Na gama magana."

"Baba, ku ji ta bakina..."

Ya shige ɗaki.

Kwana tara aka sa mini ido, ko juyi na yi sai an leƙo. Ciwon ya dawo sabo. Da asuba na kasa miƙewa alwala, na kifa kai a bakin gado ina kuka.

Ya Allah, kada in sake binne ɗa... kada in rasa Falalu!

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ji sallamar Falalu a zaure. Na ja jiki na laɓe bayan ƙofa. Baba na zaune da dattawan unguwa. Aka daɗe ana gaisawa, sannan Baba ya miƙa hannu.

"Takardar."

"Allah shi gafarta Malam, ban zo da ita ba."

"To mi ka zo da shi?"

Falalu ya tuɓe hula. Ya durƙusa a tsakiyar zaure, gwiwa da hannu, ƙato da shi, ya ɗaga baya sama ya sauke. Wani dattijo ya fashe da dariya. Falalu bai daina ba, hawaye na ɗiga a tabarma.

"Wanga shi ne borin, Malam. Ba kiɗa, ba girka. Maganin baya ne. Da hannuna na sa ɗana a rami, da idona na ga Sa'adatu tana jan jiki zuwa makewayi. In laifi ne, nawa ne, a hore ni. Amma a bar ta ta yi, ko da ba a maido mani ita ba!"

Dariyar ta mutu.

"Sa'adatu," in ji Baba, "na san kina nan. Haka abin yake?"

"Haka ne, Baba..."

Baba ya dubi Falalu.

"Tashi, Falalu. Na yi hukunci ban bincika ba, Allah shi yafe mani. Mutumin da ya zubar da girmansa gaban dattawa don ɗiyata, ba ni karɓar takarda hannunsa."

A Bakura na haihu, tsakanin hantsi da azahar. Mace, da kukanta mai ƙarfi! Aka sa mata A'isha. Inna Marka ta zo suna ita kaɗai, ta kama hannuna ta riƙe. Taiba kuwa tuni an maida ta garinsu Garbadu. Ina wankan jego ina ci gaba da abin da Malama Hasana ta koya mini, kaɗan-kaɗan, har na yi arba'in.

Ranar komawata Falalu na jirana a tashar Mafara. Ya miƙo hannu da sauri.

"Kawo ta nan, hasken idona, bayanki..."

"A'a. Ni zan goya ta."

Na ɗora A'isha, na ja zane na ɗaure, na miƙe tsaye cak.

Ya tsaya yana kallona.

"Malam, mutane na kallonmu..."

"Su kalla," ya ce. "Wuce gaba, Sa'a. So nike in ga tafiyarki har gida."