Zagaye Arba'in da Bakwai

"Ka ƙirga kafin ka yanke?"

Abin da na fara tambayarsa ke nan da na shiga garejinsu, ko sallama ban yi ba. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, yau ga ni tsaye a kansa.

Ya ajiye sufana. "Hasken idona, zauna mana..."

"Ajiye sunan nan tukuna. Ka ƙirga ko ba ka ƙirga ba?"

Ya sunkuyar da kai. A kan teburinsa ga koyil ɗin babur ɗin Baba tsirara, ƙafafunsa shida da ake naɗa wa waya babu ko zare ɗaya. Tsohuwar wayar tana ƙasa gutsi-gutsi.

Babur ɗin nan ya girme ni. A kansa Baba ya riƙa kai Inna asibiti har Allah Ya karɓi abarSa. Wata uku ke nan koyil ɗin da ke ba fitilarsa wuta ya ƙone, irinsa kuma an daina kawowa. Baba ya yi shekara talatin yana naɗin koyil, amma yanzu hannunsa rawa yake. Shi ne saurayin nawa, Gaggawa, haka abokan aikinsa ke kiransa, ya lallaɓi Yayana ya ciro masa koyil ɗin a ɓoye, wai zai gyara ya burge Baba kafin magabatansa su zo neman aurena.

Da safen nan Baba ya je ya gani. Ya dawo gida ya ce magana ɗaya: "Wanda ke yankewa kafin ya ƙirga ba zan ba shi 'yata ba."

"Ƙonanniyar waya ce fa," Gaggawa ya ce a hankali. "Me za ta yi?"

"Ita za ta gaya maka zagaye nawa, da inda ya dosa! Warwarewa ake yi, ana ƙirgawa. Baban ma ya manta adadin. Kai kuwa ka sa filaya kamar mai yankan ciyawa."

"Don ke na yi..."

"Don ni? To ga shi ka yanke mu."

Wani bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Gaggawa, ashe mai shirun nan tana da baki?"

Kunya ta kama ni, amma haushi ya fi ta ƙarfi. Na ja benci na zauna.

"Miƙo sabuwar waya."

"Ke... kin iya?"

"Miƙo na ce."

Shekarar da na bar makaranta don jinyar Inna, Baba ya naɗa koyil ɗin nan a ƙofar ɗakinta. Ni ke ƙirga masa da ƙarfi, Inna tana bin baki daga kan gado. Arba'in da bakwai kowace ƙafa. Ta farko dama, ta biyu hagu. Har yau muryarta nake ji a lambobin.

Na naɗa, yana riƙe min waya. Hawaye na ɗiga a hannuna.

"Masoyiyata, ki yafe..."

"Ka yi shiru, za ka ɓata min ƙirga."

Da la'asar muka kai wa Baba. Ya juya koyil ɗin ya sake juyawa, ya shafa inda na ɗaure ƙarshen wayar, irin ɗaurinsa sak.

"Wa ya naɗa?"

Da Gaggawa zai ce shi ne, da ban tanka ba.

"Ita ce, Baba. Ni yankewa kawai na iya."

Baba ya dube shi. "To, ka san laifinka dai. Ɗaura shi mu gani. A hankali."

Ya ɗaura, wannan karon kowane noti sai ya kalli Baba. Bugu na uku babur ya tashi, fitilar ta haska bangon ɗakin Inna.

Baba ya juya mana baya, ya goge ido da hannun riga.

"Ka ce wa kawunka ya zo ranar Asabar," ya ce. "Filayar kuma ka ba ta ta ajiye."

Gaggawa ya miƙo min ita yana murmushi. Na karɓa ban kalle shi ba.

"Har yanzu fushi nake," na ce.

"Na kwana nawa?"

"Arba'in da bakwai. Kuma ka ƙirga."