Gorubar Bayan Riga

Rahmatu tana zaune gaban tukunyar ruwan wankan jego a gidan iyayenta da ke Diggi, Inna ta shigo da waya a hannu.

"Daga Gwandu ne, Inna?"

"Sai haƙuri, Rahmatu... Mijinki ya kwanta jiya, bai tashi ba."

Ba ta yi kuka ba. Tururi kawai take kallo. Can ta ce, "Da wace riga ya kwanta?"

Inna ta ɗauka ruɗewa ce.

Mijinta Sirajuddeen tela ne, kuma duk unguwarsu an san minsharinsa. Ita kaɗai ta san shirun da ke biyo baya, lokacin da numfashinsa ke tsayawa cak, sai ta zungure shi ya dawo. Daga baya hannunsa ya fara karkarwa, zura zare a allura ya gagare shi. Kullum da safe ita ke zura masa.

Likita a Birnin Kebbi ya yi musu bayani. Ya ce a cikin barci ƙwaƙwalwa ke wanke dattinta, kamar yadda ake wanke kwanuka bayan an ci abinci. Wanda numfashinsa ke yankewa, wankin ba ya kammala, kuma ana zaton hakan na ƙara wa ciwon karkarwa ƙarfi. Akwai na'urar taimaka wa numfashi, amma tana son wutar lantarki. Kafin a samu, kar ya kwanta rigingine.

Sai Rahmatu ta ɗinke goruba a bayan rigar barcinsa. In ya juya, ta tokare shi.

"Rahmata, wannan ɗinki ko ƙulli?" Yana dariya. "Matar tela guda!"

"Karɓi ka gyara mana."

"Na yi shiru, gimbiya."

Da cikinta na fari ya tsufa, Inna ta aiko a kai ta gida haihuwa.

"Ba ni zuwa, Malam. Wa zai zungure ka?"

"Ki ce wa Inna mi? Miji na minshari? Ga Yaya Kulu za ta dawo nan, ga gorubarki. Je ki haifo mini mai kama da ke."

Kafin ta tafi, ta zura masa allurai masu yawa, ta jera su a jikin tsumma kusa da kekensa.

Ranar sadakar uku a Gwandu, Yaya Kulu, babbar yayarsa, ta ja Rahmatu ɗaki. Ta kwance bakin zane, ta ajiye goruba a gabanta.

"Ga kayanki. Garin wanki na tsince ta a ƙulle kamar laya. Tun da kika shigo gidan nan yaron nan ke rawar jiki."

"Bai gaya miki ba?"

"Ya ce magani ne. Na ce duk wanda aka yi wa asiri haka yake cewa."

"Goruba ce, Yaya. Don kar ya kwanta rigingine. In ya yi rigingine numfashinsa yankewa yake."

Yaya Kulu ta zame a hankali ta zauna ƙasa.

"A rigingine na same shi..."

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Rahmatu. Muryarta kamar ta wata.

Sai da kowa ya watse ta je wurin kekensa. Rigar tana kai, da wata sabuwar goruba a gefe. Tsumman allurai ba ko ɗaya mai zare, duk ya yi aiki da su. Ga guda a ƙasa, ga zare kusa da ita, bakinsa ya baje saboda yawan gwadawa.

Yaron da ta haifa yanzu yana tafiya, sunan ubansa aka mayar masa. Yaya Kulu kan zo ta goya shi, ba su taɓa sake zancen ba.

Kullum bayan sallar asuba Rahmatu na zura zare a allura, ta soke ta a jikin tsumman, sannan ta hura wuta.