Akuya Mai Lita Tasa'in

Ranar Talata aka kawo ƙara komisariyar 'yan sanda ta Dakoro: takardar amsoshin jarrabawar lissafi ta ɓace daga biro, wato ofishin daraktar wata lakol, makarantar boko. An yi jarrabawar jiya, yau aka lura.

Insifekta Yazidu ya tarar da darakta, Madam Haula, ta riga ta yanke hukunci.

"Kalla mai gadi ne. Yau zan sallame shi."

"Wa ya rubuta amsoshin?"

"Ni. Na duba su sau biyu, babu kuskure."

Baba Kalla na tsaye bakin ƙofa, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, ban iya karatu ba. Mi zan yi da takarda? Asabar dai Mushe Abdulmumini ya ari mabuɗin biron, wai ya mance alli."

Abdulmumini malami ne, yana kuma koyar da wasu yara a gidansa da la'asar. Aka kira shi.

"Tsohon nan ya ruɗe," ya ce. "Asabar ina Sabon Maci."

Yazidu ya sa aka kawo takardun ɗalibai. Tambaya ta uku: akuya na ba da madara lita 0,75 kullum, nawa za ta bayar a kwana goma sha biyu? Kusan kowa ya rubuta 9. Bakwai sun rubuta 90.

Ya dubi darakta. "Madam, nawa kika sa a taki takardar?"

"Tasa'in. Na sa birgil, ɗan wakafin nan, ba a wurinsa ba. Sai jiya na gane, na ji kunyar faɗa."

Yazidu ya miƙa wa Abdulmumini alli. "Mushe, buga mana."

Ya buga a allo da sauri. "Tara."

"Madalla. Bakwai ɗin nan da suka rubuta 90, yaran da kake koyarwa a gidanka ne?"

"Nawa ne."

"Huɗu daga ciki 'ya'yan makiyaya ne, da hannunsu suke tatsa. Wane ɗan makiyayi zai ce akuya ta cika bidon mai lita ashirin huɗu da rabi a kwana goma sha biyu? Haddacewa suka yi. Tasa'in kuwa takarda ɗaya ce take ɗauke da ita, ta Madam da ta ɓace."

Allin ya karye a hannun Abdulmumini.

"Iyayen sun ce in yaran suka sake faɗuwa za su janye su. Ban ko duba ba, na ba su yadda take."

Wani ɗan sanda ya fita da shi.

Yazidu ya ɗauki mabuɗin daga teburin darakta, ya sa a tafin Baba Kalla.

"Baba, koma bakin aikinka. Madam na da maganar da za ta faɗa maka."